Bakin Inna a Wurin Daka

Kafin mulkin kai muna zaune a Unguwar Sarki. Idan suna ya tashi, mu uku ake kira dakan gero, wata dattijuwa tana raba mana aiki. Abin da ya dame ni, bakinta ba ɗaya ba ne. Matar kafinta takan sha kirari da ƙarfi: “Taɓarya sai ke!” Matar masinja kuwa gori take samu: “Au, har kin gaji? Waccan ta sauke turmi biyu.” Ni sai ta matso ta raɗa mini, “Sannu, 'yata, a hankali.”

Na yi ta zargin ƙarfina ta raina, so take ta sauya ni da wata. Ran nan na daure na ce, “Inna, ni ba yabo, ba zuga. Laifi na yi?”

Ta dube ni ta ce, “Ɗaya yabo ke tashin ta, ɗaya gasa. Ke kuwa in na ɗaga murya, hannunki rawa yake, gero ya zube.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ba ta sauya ni ba. Amma har na isa gida ina tunanin abin da take gaya musu a kaina.