Wuƙar da Yaya Mamman Bai Shayar Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Mamman, maƙerin wuƙaƙe na Gidan Amumune. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki biro in sake ajiyewa, domin ba zan iya ba da labarinsa ba sai na tona wa kaina asiri. Bana na yarda in tona.

A gidan ƙira aka haife mu. Shi ya gaji uwar maƙerar mahaifinmu, ni kuwa aka sa ni lakwal, wato boko, har na zama malamin makaranta a Tasawa. Mushe yake kirana, cikin tsokana, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci. Ni kuma a lokacin ba na son a ambaci maƙera a gaban abokan aikina. Ban taɓa faɗa masa ba, amma ya sani.

Maƙera suna da yawa a ƙasar Mayahi, abin da ya fitar da Yaya shi ne zane. Yakan ɗauki ɗan ƙarfe mai tsini da ƙaramar guduma, ya bi bayan wuƙa da sawun zabo, ɗaya bayan ɗaya, har tsininta. A gindi, kusa da ƙota, sai alamar mai ita. Makiyayan Issawane alamar raƙumansu yake sa musu, ta yadda ko a daji wuƙa ta faɗi, wanda ya tsinta ya san gidan da zai kai ta. Yana da ƙa'ida guda: ba ya zane sai mai wuƙa na zaune a gabansa. Kuma sai an gama zane ake shayar da wuƙa, wato a gasa ta ta yi ja a tsoma a ruwa, don daga nan ƙarfe ya yi tauri, ba ya karɓar zane. Wadda ba a shayar ba kuwa, ko an wasa ta, bakinta lanƙwashewa yake yi.

Shekarar da na fara layya da ragon kaina ya ƙera mini wuƙa, ya aiko in je. Na mayar da saƙo cewa ya zana abin da ya ga dama, ya ba direba ya kawo mini. Ya ƙi. Da muka haɗu wurin wani suna ya riƙe mini hannu ya ce, "Mushe, hantsi guda ne fa. Taho ka zamna, in ba haka ba alli za ni zana maka." Na yi dariya, na ce sai an yi hutu. Layya uku na yi da aron wuƙar maƙwabci. A damina ta huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai matarsa ta miƙo mini wuƙar naɗe da tsumma, ba kaifi, ba ƙota. Na sa ta ƙasan akwati, don ganinta kunya yake ba ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ratsa kasuwar Tasawa yau, ya ga wuƙaƙen kanti jibge a tabarma, masu ƙotar roba, da furanni iri ɗaya da inji ya buga musu. Ina jin zai juya guda a hannunsa, ya tambayi mai sayarwa ta wane ne. Ɗansa Saminu ma ya bar wuƙa, ƙofofi da tagogin ƙarfe yake haɗawa a bakin kwalta. Ban ga laifinsa ba, da su yake ci da iyali.

Bana, kafin babbar salla, na ciro wuƙar na kai wa Saminu. Ya ce hannunsa ya manta sawun zabo. Sai da ya hau babur ɗin kabo-kabo ya je Issawane ranar kasuwa, wani dattijo makiyayi ya kwance ta damtsensa, aikin Yaya, ya ara masa don ya kwaikwaya. Muka koma tsohuwar rumfar Gidan Amumune, na zauna a ƙasa inda makiyaya suke zama. Saminu ya soma goge tsatsa da toka da ɗan mai, sai na ga ya tsaya.

"Baba, ku diba nan," in ji shi.

A gindin wuƙar akwai wata shata siririya, da ƙyar ido ke kama ta. Awartaki ne, alamar da mahaifinmu yake sa wa wuƙaƙen 'ya'yan gida kaɗai. Ashe tun farko Yaya ya shata ta ya bari, yana jira in zo a zurfafa. Na yi kuka a gaban ɗansa, ban kuwa ɓoye ba. Saminu ya tambaya ko a bar ta ko ina son wata alamar. Na ce ya bi inda ubansa ya bi.

Sawun zabon ya karkace a wuri biyu, na san da Yaya zai gani sai ya yi tsaki. Amma wuƙar ta sha ruwa, da ita na yanka ragona, kuma labarin aron wuƙar dattijon nan ya sa makiyaya biyu sun zo neman Saminu ya ƙera musu. Ban san ko zai ɗore ba. Abin da na sani ya saura na Yaya shi ne wuƙaƙen da ke damatsan mutane suna komawa gida in sun ɓace, da wannan ƙa'ida ta a zo a zauna. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. Ran nan tun kafin kiran azahar muka gama. Hantsi guda ne, kamar yadda ya faɗa.