Akushin da Aka Taɓa

Masaukin da na yi aiki a cikinsa yana bakin mashigi ne, a kan hanyar da ta fito daga Auyo ta nufi Haɗeja. Yanzu ko tubali ɗaya ba za ka samu a wurin ba, kogi ya cinye. Amma a wancan zamani, tun Nasara bai zo ƙasar nan ba, da wuya falke ya taso da kanwa daga Barno bai sauke kaya a gidanmu ba. Mai gidan fatoma muke ce masa, kamar yadda Barebari ke kiran mai saukar baƙi. Na shiga gidan bayan mijina ya rasu, da 'yata goye a baya. Aikina ɗaukar akushi daga madafa zuwa gaban baƙi.

Na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Idan ruwa ya ja baya bayan kaka, har attajiran cikin gari kan fito su yi 'yan kwanaki a wurinmu, ba don komai ba sai shan iskar kogi da cin ɗanyen kifi. A shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyoyi, jakuna na can suna birgima a rairayi. Ni kuwa ina ta kai da komowa, akushi a ka, buta a hannu, ina tsokanar wannan, wancan na tsokanata. Tuwon shinkafa ne da miyar tarwaɗa, a kwarara masa man shanun da matan Fulani ke kawowa. Har yau idan na ji ƙamshin man shanu a kan tuwo mai zafi sai ƙafata ta so tashi.

Ba a biyan mu ko wuri. Abin da baƙo ya rage a akushi shi ne abincinmu, kuma abin yana da ƙa'ida. Akushin da baƙo ya sa wa hannu, ko loma ɗaya ya yi, saura na wadda ta ɗauko ne. Wanda bai taɓa ba kuwa na gida ne, a tukunyar uwargidan fatoma zai koma. Ba a tsayawa a kan namiji yana cin abinci, sai ki ajiye, ki gaishe shi, ki koma bayan zana. Ba a kuma mayar wa baƙo da saura, zagi ne.

Saboda haka da nauyin akushi muke sanin mutane. Akwai masu manyan rawuna da za su suɗe akushi tas, har da lashe faifan rufi in da hali. Tir da halinsu. Irin waɗannan nakan yi musu murmushi a gaba, in na juya in ja tsaki har sai sun ji.

Akwai kuma wani dattijo Babarbare mai fataucin kanwa, wanda nake ce wa Baba. Shi daga gefensa kawai yake ci, ya bar rabin malmala a tsaye kamar an yanka da wuƙa, ya ɗora kan kifi a bisa. Kan kifin na 'yata ne. Duk shekara da ya sauka, kafin ya kwance wa jakuna kaya zai ce, “Ina amaryata? Ko ta yi wani mijin ne da na tafi?” Ita kuma ta ɓuya a bayan zanena tana ce masa ba ta son tsoho mai furfura.

Sai ga shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shanye shinkafar fadama tun tana tsaye. Geron tudu da muka sa wa rai, fara ta sauka a kansa. Kafin sanyi ya wuce mutane sun koma haƙar bado a tabkuna da dafa tafasa ba gishiri. Attajirai suka daina fitowa shan iska. Fatoma ya sa aka rage malmala har ta koma kamar dunƙulen hannu, kifi kuwa sai a kai kasuwa a musanya da hatsi. Fataken da ke zuwa da yunwarsu suke zuwa, akushi ya riƙa dawo mini wayam. A wannan karon ban ja wa kowa tsaki ba.

'Yata ta fara ramewa, daga baya ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Ta daina wasa, ta daina ma kuka. Ina kankare ƙanzon tukunya in jiƙa mata idan uwargida ta kau da ido, amma ƙanzo nawa ne? Yaran maƙwabta da suka yi irin wannan kumburi na ga inda aka kai su. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Kullum sai in ce mata, “Ki yi haƙuri, mijinki na hanya, zai kawo miki kan kifi.”

Ya zo ɗin, amma da ƙyar na gane shi. A ƙasa ya iso, yana jan jaki ɗaya, sauran sun mutu a hanya. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Duk da haka da ya zauna sai ya ce, “Ina amaryata?” Na ɗauko ta, don ba ta iya takowa. Ya dube ta, ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Bai ƙara yi mata wasan miji da amarya ba ranar.

Don tsohon sabo fatoma ya ce a riƙa ba shi akushi ɗaya kullum da la'asar har ya murmure. Na kai masa, na zuba masa ruwan wanke hannu, na koma bayan zana. Can na ji ya rufe faifai. Da na ɗaga akushin sai na ji shi da nauyi kamar yadda na kawo shi. Gabana ya faɗi, na ɗauka bai taɓa ba, ke nan tukunyar uwargida zai koma. Na buɗe a bayan zana. A gefen malmalar akwai gurbin yatsu uku, ya gutsuri abin da bai kai ƙwan kurciya ba. Sauran duk yana nan, kuma bisa ƙa'ida ya zama nawa.

Washegari ma haka. Na kasa daurewa, na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, wannan ba ci ba ne. Ka dubi jikinka.”

Ya ce, “Cikina ne ba ya karɓa, 'yata.”

Na ce, “Wallahi ba gaskiya ba ne. Ka ƙara ko loma biyu.” Na tura akushin gabansa.

Ya ɗaure fuska, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, “Saura za ki mayar mini? A gidan nan aka koya miki haka?” Ya juya mini baya yana jan carbi.

Haushi ya kama ni, kuka kuma ya zo mini, na rasa wanda zan fara. Na tsaya da akushi a hannu ina kallon ƙasusuwan bayansa ta cikin riga. Daga ɗakinmu kuma ina jin tarin yarinyar. Na ɗauka na tafi. Na dama tuwon da ruwan ɗumi na riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan.

Haka muka yi ta yi har kumburin ya fara saɓewa. Kullum gurbin yatsu uku, kullum in wanke akushi in mayar madafa. Uwargida har tana cewa tsohon nan akwai ci, Allah ya sa ya tashi ya kama hanya.

Wata safiya masu jakuna suka same shi a gindin tsamiya, ya jingina, carbi a hannu, rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a tudun da ke bayan masaukin. Mata suka taru a madafa, uwargida ta ce, “Alhamdu lillahi, ko ba komai ba yunwa ce ta kashe shi a gidanmu ba. Kullum akushinsa a wanke yake dawowa. Ko ba haka ba, ke?”

Ni take tambaya, sai a daidai lokacin na ji an ja mini zane. 'Yata ce, ta tako da ƙafarta tun daga ɗaki, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, “Inna, ina mijin nawa? Yau ma bai bar mini tuwo ba?”