Littafin Illa da Aka Ɗinke Cikin Layu

Bana shekara hamsin da shida ke nan da muka binne wana Illa a Tawa. Waɗanda suka ɗauki makararsa duk sun bi shi, saura ni, kuma ni ne na fi kowa cutarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa yau zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Illa bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ni aka kama aka kai. Shi ya bi 'yan cin rani zuwa Kurmi, ya yi shekara tara tsakanin Kumasi da ramukan zinariya. Ya dawo ana cikin ɗokin 'yancin kai, da tari a ƙirji da Ingilishi a baki. Ni kuwa na samu aiki a biro, wato ofis, ina buga mashin ɗin rubutu, ina shaƙe wuyana da ƙyalle cikin zafin Adar, ina ganin duk wanda bai ji Faransanci ba bai gama zama mutum ba.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Kowace kaka samarinmu na ɗaure kaya su nufi kudu, ƙasashen da Ingilishi ke mulki, ba su da ko kalmar neman ruwan sha. Ya ce ya ga ƙato mai iya ɗaga buhu biyu an kore shi daga aiki don ya kasa cewa ba shi da lafiya. Sai ya sayi babban littafi, ranar kasuwa ya zauna kusa da masu sayar da dabbobi, yana tare fataken Sakkwato da waɗanda suka dawo daga Kurmi, yana tatsar kalmomi daga bakinsu. Da ajami yake rubutawa, don shi ya koya a makarantar allo, kuma shi samarin ke iya karantawa.

Tsarinsa nasa ne shi kaɗai. A saman shafi sai ya sa kai da Hausa: na neman aiki, na ciwon ciki, na gaban alƙali. A ƙasa ya jera kalmomin Ingilishi masu ma'ana ɗaya, yana kiransu 'yan ɗaki guda. Ya ce kalmar da za ka roƙi abokin aiki da ita daban take da wadda za ka roƙi ɗan sanda, wanda ya riƙe guda ɗaya tamkar mai riga ɗaya ne. Har karin maganarsu ya tara. Na tuna ranar da ya gaya mana Bature kan ce sama na zubo da kyanwoyi da karnuka in ruwa ya yi ƙarfi, tsohuwarmu ta ce mu da ke roƙon ɗigo, su har sun samu na wulaƙantawa.

Abin da ya nema a wurina kaɗan ne. Ya ce, "Ƙanena, kai ka da mashin. Ka buga min shi da boko, mu yi kohi da yawa, kowa ya tahi da nashi."

Na ce, "Yaya, bari aiki shi yi sauƙi."

Shekara uku aiki bai yi sauƙi ba. Gaskiya ne a lokacin ana yi wa duk mai takardun Kurmi kallon hadarin kaji, kuma ina tsoron kujerata. Amma kada in yi wa mamaci ƙarya. Tsoron kaɗan ne, rainin ya fi yawa. Ina jin kunya a ce wan ma'aikaci yana koyar da Ingilishin tasha.

Tarin ya kashe shi ana gab da girbi. Ranar addu'ar bakwai kawunmu Sa'idu ya zo daga Bambeye, ya buɗe akwatin mamaci a gaban dangi, ya ci karo da littafin. Ya karanta kan shafi ya gane, ya karanta na ƙasa bai gane ba, ba Larabci ba, ba Hausa ba. Ya ɗaga kai idonsa na ƙyalli ya ce, "Ashe yaron ga asiri yas samo a Kurmi yab ɓoye muna! Ku duba, ga na neman aiki, ga na gaban alƙali."

Ina zaune a wurin, da takalmina mai sheƙi. Kalma biyu ta isa in gyara zancen, amma da na faɗa sai an tambaye ni yadda na sani, da abin da na yi a kai. Na yi shiru. Kafin a watse an yage shafukan an raba, baduku ya ɗinke su cikin fata, samari suka ɗaura a damtse suka nufi kudu.

Yau in na fita bakin titi a Tawa nakan ga 'yan kabu-kabu suna latsa waya, ta ba su kalma da 'yan ɗakinta goma kafin su ƙifta ido. Jikokina na cika ajin koyon Ingilishi don su je karatu Sakkwato. Nakan tambayi kaina me Illa zai ce. Ina jin zai yi murna, don shi ba mai ƙyashi ba ne. Sannan zai juyo ya tambaye ni ko aikin ya yi sauƙi. Da na sani ƙeya ce, tawa har ta yi kanta.

Shekara biyu bayan rabon shafukan nan, wani mutumin Tebaram mai suna Mamman ya tsaya a ƙofar gidanmu. An yi masa ƙazafin sata a Kurmi, aka kai shi kotu, ya tsaya gaban alƙali yana damƙe da layarsa, bai iya furta komai ba, aka ɗaure shi. Ya kwance layar ya jefa a gabana ya ce, "Wanku maƙaryaci na. Allah ya isa." Na san abin da ke cikin fatar nan. Kalmomin da zai ce bai yi ba, da na neman tafinta, suna rataye a hannunsa duk zaman da ya yi a kurkuku. Ranar ma ban buɗe baki ba.

To me ya rage na Illa? Ba littafi, ba ɗa, ba hoto. Abin da ya rage shi ne wata magana da har yau nake ji a ƙauyukanmu, in abu ya kasa amfani sai a ce ya zama layar Illa. Masu faɗin ba su san ko wane ne shi ba. Ni na sani, kuma ina shaida muku cewa wana bai taɓa rubuta laya ba. Don a buɗe a karanta ya yi shi, kawu ya yage, baduku ya ɗinke, amma zaren shiruna ne.