Sunan Da Na Kasa Kira A Kan Amalanke

Me zai rage ni da na buɗe baki na kira sunan mijina sau ɗaya? Damina uku ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, har yau babu amsa. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Yekuwa. Ban yi lakwal ba, wato boko, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce mata in ta ga ina kuka kada ta dakata.

Ina budurwa nake kai fura kasuwar Mallawa, can muka haɗu. Sai ya sha furata ya ce ta yi tsami, wata kasuwar kuma ya dawo. Tun daga nan yake ce mini mai fura, har muka tsufa. Ni kuwa a lokacin sunansa nake kira kai tsaye, har da tsiwa. Ranar da aka ɗaura aure gwaggona ta zaunar da ni ta ce daga yau sunan nan ya fi ƙarfin bakina, mace mai kunya ba ta kiran sunan mijinta. Na riƙe maganar da hannu biyu. Sai Malam, sai mai gidan nan. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunansa wani laƙabi na sa masa. Mata suna misali da ni a bakin rijiya, ina jin daɗi kamar wadda aka ba saniya.

Muka yi noma tare, muka sha yunwa tare shekarar da fari ya kashe mana shanu, muka binne 'ya'ya biyu. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. In na kai masa abinci gona yakan zolaye ni ya ce ya manta sunansa, in tuna masa. Sai in ce tsufa ne ya zo masa da wuri, in ɗauki ƙwaryata in tafi ina dariya.

Wata shekara, bayan an kai gero rumbu, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da abin ya ƙi, ɗanmu na fari ya ɗaura amalanke mu kai shi gidan likita a Dungas. Kansa na bisa cinyata. Muna tsakiyar hanya ya buɗe ido ya ce tun da innarsa da yayyensa suka rasu babu mai kiransa da sunansa, wannan ya ce Baba, wancan Kawu, wancan Malam. Ya ce yana so ya ji shi a bakina, yadda nake faɗa a kasuwa. Wallahi sunan ya zo har kan harshena. Sai na kalli bayan ɗan farinmu yana kora shanu, wanda shi ma ban taɓa kiran nasa ba, kunya ta hana ni. Na ja mayafi na ce ya yi shiru, yaro yana ji. Yaron da furfura ta fito wa a gemu! Malam ya yi murmushi, ya faɗi magana ɗaya, ya rufe ido. Na ɗauka barci ne. Kafin mu hango Dungas jikinsa ya yi sanyi.

Ranar da na fita takaba na tafi gonarmu, na tsaya gindin gawon da yake hutawa, na kira sunan da ƙarfi. Awaki ne kawai suka ɗago kai.

Ban ce kunya aibu ce ba, da ita aka yi mu. Amma matan da suka yabe ni a bakin rijiya ba sa kwana da abin da nake kwana da shi. 'Ya'yana mata, har ma maza, in wanda kuke ƙauna ya roƙi ɗan abin da ke hannunku, ku ba shi a lokacin, ko da duniya na kallo. Ni na ɗauka akwai sauran lokaci, shi ma haka ya ɗauka. Ga maganar da ya faɗa mini a kan amalanken, Allah Ya jiƙansa:

"Ba komai, mai fura. Bari sai mun koma gida."