Cakin da Habu Ya Sa Wa Hannu

Kafin a sa mini ankwa a Doha, ni dattijo ne da samari ke tashi su ba wa kujera. A Kantin Kwari na koyi kasuwanci ina saurayi. Daga nan na yi Abidjan, na yi Jidda, na zauna a Ingila wasu shekaru, na sha zuwa Sin saro kaya. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, Urdu ma ina iya cinikin tumatir da shi. Ban taɓa sata ba. Na faɗi wannan ne don ku san ba a wayi gari kawai aka gan ni a kurkuku ba. Da ƙafata na taka, a hankali.

Duk ƙasar da na zauna nakan lura da yadda suke yi da wanda bashi ya ci. A Kwari, idan ɗan kasuwa ya karye, manya ne ke zama a shagon wani, a kasa abin da ya rage, a ba masu bin bashi haƙuri, wani ma ya ce ya yafe saboda zaman tare. A Ingila kuwa na yi wa wani Baturke aiki a shagon kafet. Kamfaninsa ya durƙushe, ya je kotu aka rubuta shi cikin waɗanda suka karye, bayan wani lokaci aka ce babu mai binsa komai. Na gan shi da idona ya buɗe sabon shago a layin baya. Abin ya zauna mini a rai. Na ɗauka duk inda aka ci gaba haka doka take.

Na zo Doha na buɗe ƙaramin kamfanin hayar motoci da sunan kafil ɗina, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo. Banki ya ba kamfanin rance muka sayi motoci, ni na sa hannu cewa na tsaya masa. A gefe guda kuma 'yan uwanmu masu gadi da direbobi suna kawo mini riyal, ni kuma in sa a biya iyalansu naira a gida. Ba rasit tsakaninmu. A wurinsu ni Baba Alhaji ne, ya isa.

Cikinsu akwai Habu, ɗan aminina marigayi daga Haɗeja. Ni na yi masa hanyar zuwa, ya sami aikin direba a wani kamfanin gas. Ranar da zai taso, mahaifiyarsa Inna Hajara ta kira ni ta ce, "Alhaji, ga ɗanka nan. Ubansa ba ya raye, kai ne ubansa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Sai korona ta zo. Aka rufe gari, motocina suka jeru a wani fili a unguwar Muntaza, ƙura ta rufe gilasansu. Banki ya ɗaga mana ƙafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Wata rana wani mai gadi ya kawo kuɗin da za a tura wa matarsa, ni kuma washegari banki ke cirar kuɗin rancen mota. Na ce a raina mako guda kawai zan riƙe. Na gaya masa matsalar banki ce a Najeriya. Ya ce ba komai Baba, Allah ya kawo sauƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne yadda ƙaryar ta fita daga bakina ba tare da wata wahala ba. Daga nan na riƙa biyan wannan da kuɗin wancan. Har wani cakina ya dawo babu kuɗi, na lallaɓa na biya mai shi, amma banki ya hana ni sabon littafin caki.

Da aka shiga shekarar gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da za a yi a ƙasar, kowa a Doha ya zama dillalin ɗaki. A shagon aski, a bakin masallaci, maganar ke nan: baƙi za su zo, ko tabarma ka shimfiɗa za a biya. Na ga wani gini a Muntaza mai ɗakuna da yawa, na ce wannan ne zai fitar da ni. To amma a Doha mai gida ba ya ba da haya da fatar baki. Cakin shekara guda yake karɓa tun farko, kowane wata da nasa, kwanan watan a rubuce, idan lokaci ya yi ya kai banki. Ni ba ni da caki. Habu yana da shi, don albashinsa ta banki yake shiga.

Wata Juma'a bayan an sauko na ja shi kasuwar Souq Waqif, na saya masa shayi da gurasa. Na zayyana masa komai, har da ribar da zai gina wa Inna ɗaki da ita.

Ya ce, "Baba, in abin bai yi ba fa?"

Na ce, "Kai yaro, ina ka taɓa zuwa ban da Haɗeja da nan? Hayar da sunan kamfani take. In ta ɓaci kamfani ne ya karye, a je kotu a rubuta, khalas, shi ke nan. Hannunka aro kawai na yi."

Na tura masa takardar hayar na ce ya karanta. Ya yi dariya ya turo mini ita.

"Ni in binciki takardarka? Inna ta ji ai sai ta sa a aske mini kai da kwalba."

Ya sa hannu a cakin ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarsa, yana wasa yana cewa yau ya zama attajiri. Za ku tambaya ko na san abin da na gaya masa ba gaskiya ba ne. Na san rabi. Na zauna a Jidda, na san a ƙasashen nan caki ba wasa ba ne. Akwai lauyoyi a kowane layi, ban tambayi ko ɗaya ba, saboda ba na son jin amsar.

Na fara karɓar kafin alƙalami daga masu zuwa kallon ƙwallo. Kuɗin na shigowa, ramukan baya na haɗiye su. Da ɗakunan suka ƙare ban daina karɓa ba. Ɗaki guda na sayar wa mutanen Dakar da Faransanci, na sayar wa mutanen Kasabalanka da Larabci, na sayar wa mutanen Kumasi da Turanci. Harsunan da Allah ya ba ni na ci abinci da su shekara da shekaru, da su na yi damfara. Kowa ya ji yarensa a bakina sai ya saki jiki.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Ƙungiya biyu suka tsaya a ƙofar ɗaki ɗaya da akwatunansu, kowa da shaidar biya a wayarsa. A waje gari ya cika da tutoci da kiɗa. Wani mutumin Senegal, sa'ana ne, ya dube ni ya ce ya yi shekaru yana tara kuɗin tafiyar nan. Bai zage ni ba. Gemuna kawai ya nuna ya ce, "Da wannan furfurar?" Kafin la'asar ina hannun 'yan sanda.

Lauyan da aka samo mini ɗan Sudan ne. Na ce masa ina so a rubuta ni cikin waɗanda suka karye, a share bashin, kamar yadda ake yi a Ingila. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Ya Hajj, rancen motoci ka sa hannu ka tsaya wa kamfani, ya zama naka, ko kamfanin ya mutu. Kuɗin baƙin nan kuwa zamba ce. Ko a Ingilar da kake faɗa, ba a share wa mutum abin da ya ci da zamba."

Na ce, "To hayar gidan fa? Da sunan kamfani take."

Ya ce, "Wa ya sa hannu a cakin?"

Na ce, "Habu."

"Mai gida ba ruwansa da sunan da ke kan takardar haya. Wanda hannunsa ke kan caki shi zai nema."

Aka yanke mini hukunci aka kai ni gidan yari. Ina ciki cakin Habu suka fara dawowa, wata bayan wata. Mai gidan ya kai ƙara. Likitoci da injiniyoyinmu 'yan Najeriya mazauna unguwar Gharrafa suka haɗa abin da suka iya, suka roƙi mai gidan ya yarda a riƙa cira daga albashin Habu, don kada a ɗaure shi. Ya yarda. Amma kotu ta hana Habu fita ƙasar sai ya gama biya.

Duk wannan daga bakin wasu na ji. Habu bai zo ba sai da na kusa fita. Da aka ce ina da baƙo na gan shi ta bayan gilashi, ya rame, ya durƙusa kaɗan ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ya Inna?"

Ya ce, "Inna ta rasu, Baba. Da damina."

Ya ba ni labari a hankali, idonsa a ƙasa. Ta yi jinya mai tsawo. Da jikin ya yi tsanani ya sayi tikiti, yana ganin ko za a tausaya masa, ya je filin jirgi da jakarsa. Ma'aikacin ya duba na'ura ya miƙo masa fasfo ya ce ya koma. Ya koma ɗakinsa ya ajiye jakar, ya kira gida ya ce an hana shi hutu a wurin aiki. Kullum ta tambaya, haka yake ce mata. Jana'izar ma a waya ya gani, wani maƙwabci ya ɗaga masa.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mata gaskiya ba?"

Ya ce, "In ce mata me? Kullum in mun yi waya sai ta ce in gaishe ka, ta sa maka albarka. Tana kwance tana fama da numfashi, in ce mata wanda ta damƙa ni a hannunsa shi ya yi mini haka?"

Na roƙe shi gafara, ina kuka a gaban masu tsaron gidan yari. Ya ce kuɗin ya yafe, duniya da lahira. Sai ya ce, "Amma ta tafi tana ganin aiki na zaɓa na bar ta. Wannan ban san wanda zai yafe shi ba, Baba. Ba a hannuna yake ba."

Na gama wa'adina. 'Ya'yana suka sayar da gidana na Kano, aka sayar da motocin, wasu masu hali da ke biya wa fursunoni bashi da azumi suka cike wani ɓangare. Aka sa ni a jirgi aka ce kada in sake dawowa. Ku duba wannan: ni da na yi laifin, hukuncina shi ne a kai ni gida. Habu da bai ci ko riyal ɗaya ba, nasa shi ne a hana shi zuwa. Ta tagar jirgi na ga filayen wasan nan a zaune babu kowa, na san yana can ƙasa yana tuƙi.

Bayan na huta na tafi Haɗeja yin ta'aziyya. Ƙanwarsa Binta ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo fura, ta durƙusa tana yi mini godiyar riƙon da na yi wa yayanta. Ba su san komai ba, sun ɗauka ciwo ne ya dawo da ni. Sai ta ce, "Baba, don Allah ka yi wa Yaya faɗa. Inna ta yi ta kiran sunansa har ta daina magana. Wane irin aiki ne wannan? Ni tun ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba."

Na ajiye ludayin. Na ce ta kira kawunsu da duk wanda ke gidan. Da suka taru na faɗa musu komai, tun daga kuɗin mai gadi har zuwa filin jirgi. Ba wanda ya katse ni. Da na gama kawun ya ce Allah ya kyauta, ya tashi ya shiga ciki. Binta ta jawo wayarta ta fita bayan gida. Ina jin muryarta tana cewa "Yaya", ta kasa ƙara komai. Na sa takalmina na tafi, ba wanda ya raka ni, kuma daidai ne.

Yanzu ina zaune a ɗakin da babban ɗana ya ba ni. Abin da nake samu a ɗan sayar da turare ina tura wa Habu, ko da yake ya ce in bari. Akwai masu gadin da har yau ban gama biya ba, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa.

Ku samari masu shirin fita neman kuɗi, ku ji daga wanda ya gani. Dokar ƙasar da ka baro ba ta bin ka zuwa wadda ka shiga, ka tambayi masana kafin ka ɗauki alƙalami. Kada ka sa hannu a caki ko takardar rance saboda wani, ko da shi ya yi maka hanya, ko da sa'an ubanka ne. Karanta takardar dattijo ba rashin kunya ba ne. In ya ji haushi, ka bar shi ya ji. Kuɗin amana kuma kada ka ce mako guda kawai za ka riƙe, ni ma haka na ce.

Ku kuma 'yan uwana masu furfura, ku ji tsoron Allah game da yaran da ke jin nauyinku. Akwai ƙasar da kotu ke share wa mutum bashi, na gani. Amma na zaga duniya ban ga kotun da za ta koma ta gaya wa Inna Hajara cewa ɗanta ya je filin jirgi ba.