Tamfal ɗin Kamyon Nasiru

Ranar jajiberin Tabaski ce, wato babbar sallah, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, Kawu Idi ya shigo gidanmu na haya a unguwar Treichville da kwali a hammata. Ƙanen mahaifiyarmu ne, direban tirela a tashar jirgin ruwa. Ina tsugune bakin famfo ina kankare tukunyar suyar nama, ya tsallake ni ya miƙa wa ƙanena Nasiru. Robo ne a ciki, mutum-mutumin roba kore, irin waɗanda muke gani a fim ɗin zane a talabijin ɗin maƙwabta. Kawu ya lanƙwasa masa hannuwa, ya cusa kan cikin ƙirji, ya naɗe ƙafafun, sai ga kamyo, motar lodi, da tayoyinsa. Yaran gidan duka suka yi caa a kansa.

Kakarmu ta wajen uba, wadda ni da Nasiru muke kwana a ɗakinta, tana kan tabarma tana kallo. "Abu mai ido biyu da ƙafa biyu ba ya kwana ɗakina," in ji ta, "mala'iku ba sa shiga." Nasiru ya ɓarke da kuka, Kawu ya yi ta ba ta haƙuri, har ta yanke hukunci. A tsakar gida robon ya zama mutum in ya ga dama, amma kafin kiran magariba ya koma mota. Ranar da ta ga kansa a ɗaki, ruwan lagun, tafkin bakin unguwarmu, ne makwancinsa.

Hukuncin a kaina ya faɗa, don Nasiru ya iya buɗewa, bai iya mayarwa ba. Ni kuwa tun asuba ina layin famfo, in yi shara, in tafi lakwal. In an tashi in hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Adjamé, rumfar atamfar mahaifiyarmu kusa da tasha, in yi ta warware zannuwa ga matafiyan arewa da ba su da niyyar saye, in sake ninkewa. Mu dawo cikin cunkoson gada, in tarar da kwanuka jibge. Ina tsame hannu daga ruwan sabulu sai in ji, "Yaya Rabi, mayar mini." Na tsani robon nan, gaskiya. Ban taɓa wasa da shi ba, ninki kawai nake yi, kamar atamfa.

Da damina ta yi nisa, wuyan robon ya saki. Wata magariba na cusa kan ya ɓullo, na sake cusawa ya sake ɓullowa. Ladan na kira, Nasiru ya riƙe mini zane, ga Kaka tsaye bakin ƙofa da buta. Na gaji har ban san abin da nake so ba, ya tsira ko a jefar da shi in huta. Kaka ta miƙo hannu, na ba ta. Ta jujjuya shi, ga idanu biyu zuru a saman mota. Ta ajiye shi a dokin ƙofa ta shiga ta yi sallarta.

Da ta idar ta ciro allura da ƙyallen tsohon zanenta, ta fito tsakar gida. Ta kalmashe gefen ƙyallen, ta rufa wa kamyon tun daga kai har baya, ta ɗaure kusurwoyin da zare kamar yadda ’yan lodi ke yi. "A bayan irin wannan motar na zo garin nan daga Maradi," ta ce. "Wace mota ce ke tafiyar damina ba tamfal?" Ta miƙa wa Nasiru. "Shiga da shi. Ni dai mota nake gani." Daga ranar aikina ya ƙaru, in ninke, in kuma ɗaura tamfal.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni ina nan a rumfar Adjamé, ƙafafuna na kumbura kafin la'asar. Nasiru ya zama babban ma'aikaci a kamfanin fiton kaya, yana zaune a unguwar 220 Logements, kuma tara robo ya zame masa jaraba. Kabad ɗin gilashi guda ya cika da su, kowanne tsaye a kwalinsa, ba a ko ɓare ledar ba. Kwanaki na je, ɗansa ya ja ni gaban kabad ɗin yana tambayata da Faransanci wai da gaske suna komawa mota, shi bai taɓa gani ba. Na kai hannu zan ɗauko masa ɗaya, uban ya yi wuf ya tare. "A'a Yaya, ba a taɓawa. In an buɗe sun lalace."

Na koma kujera, ina kallon yaron yana goga hanci a gilashi. Wancan koren a hannun yaran gidanmu ya ƙare, guntu-guntu. Da gajiyar da komai, gara namu.