Bangon Falo da Baturen Nanven

Surukina Baba Simeon ya yi rayuwarsa yana aikin reluwe a Kafanchan. Da muka ɗauko shi zuwa Greensboro ta Amurka bayan rasuwar Mama, kaya kaɗan ya yarda ya riƙo, amma hotonsa na kakin aiki a ƙirji ya rungumo shi har cikin jirgin sama. Mijina Nanven ya kafa shi a bangon falo, saman talabijin. Duk baƙon da ya shigo daga coci sai ya fara gaida hoton da ido kafin ya durƙusa wa mai shi.

Sai ga Nanven wata Asabar ya dawo daga garin Summerfield da ke kusa da mu, inda wasu iyali suka baje kayan gidansu suna sayarwa. Ya shigo da wani tsohon zane na fenti, Bature ne mai gemu a kumatu, baƙar kwat, fuska kamar an ci masa bashi. Wai Josiah Pellam, ɗan majalisar jiha tun kafin yaƙin basasar Amurka, mai gonar taba da bayi. Nanven ya sauke hoton Baba, ya rataye Josiah. Baba kuwa aka mai da shi lungun hanyar banɗaki.

Ban taɓa ganin kishi irin na tsohon nan ba. Ya juya kujerarsa ya ba bangon baya. In na ɗauki tsumma zan goge zanen sai ya ce, "Serah, shi ma zai ci tuwo ne?" Baƙi suka shiga tambayar tarihin Bature, Nanven yana zuba kamar kakansa ne. Baba sai ya yi tari ya ce, "Ni dai jirgin ƙasa na tuƙa, ban sayi mutum ba." Ni ma abin ya ci mini rai, domin ko nawa uban bai samu bangon ba, balle wani Josiah.

Ranar wata Lahadi bayan sujada Baba ya tsare ɗansa.

"Wa ya sayar maka da shi?"

"Jikokin jikokinsa, Baba. Suna moving ne, za su ƙaura zuwa Florida."

"A ina ka tarar da shi?"

"A waje, kan ciyawa. An jingina shi da keken yara."

"Jininsa ne suka fitar da shi?"

"Sun ce ba su san shi ba."

Na zaci Baba zai yi dariyar mugunta, don ya samu abin da yake nema. Sai ya juyo da kujerarsa, ya daɗe yana kallon Baturen, karo na farko.

Sannan ya tashi da sandarsa ya je lungun, ya ciro nasa hoton. Bai miƙa wa Nanven ba, ni ya miƙa wa.

"'Yata, bar masa bangon," ya ce. "Wannan ki riƙa faɗa wa yara sunana. In na tafi, kada a kai ni kan ciyawa."